Irin Tumatir a Shafin Ƙarshe

Ranar da na ajiye aiki a kamfanin Kalambaina, bayan shekarun da na yi ina haɗiyar siminti, wani babba ya kama hannuna ya ce in je gida in huta. Har yanzu ina neman mutumin nan. Ba faɗa zan yi da shi ba. So nake ya nuna mini gidan da ake hutawar, don a nawa dai, nan Tudun Wada, ban iske ta ba.

Laifin na babur ne. Duk tsohon da ya ajiye aiki alhali yana da babur, to gidansu sun samu direba. Ɗana babba aiki ya kai shi wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Matarsa tana aikin jinya, wani mako safe wani mako yamma, ita kanta sai ta duba takarda take sanin inda za ta kasance gobe. 'Ya'yansu uku duka mata, kuma saboda hikimar iyayen zamani aka raba su makaranta biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Sai uwargidana, wadda jikokin ke kira Inna har ni ma na bi sahu. Ita Allah ya hore mata dangi. Babu makon da ba a haihu ko a yi aure ko a rasu a cikinsu ba, kuma kowanne sai ta je da ƙafarta, wato da baburina.

Da safe in kwashi yaran uku, biyu a baya ɗaya bisa tanki. In dawo in kai surukata bakin titi. In dawo in iske Inna ta riga ta yafa mayafi tana jira, ta ce ai nan kusa ne, kuma a wurinta duk inda ba a ƙetare gulbi ba kusa ne. Azahar ta yi in koma ɗauko yara. La'asar in kai su Islamiyya can wajen Ƙofar Kware, kafin magariba in ɗauko su. Tsakanin waɗannan akwai niƙa, akwai gas da ke ƙarewa ana tsakiyar tuwo, akwai maganin da aka manta. Lokacin da nake aiki, foman ɗaya gare ni mai ba ni umarni. Yanzu biyar ne, ƙaramarsu ba ta gama famfara ba, kuma ita ta fi tsanani. Ango take ce mini, ta ce in ban yi sauri ba za ta sake miji.

A cikin wannan hali na ce ni ma sai na yi wani abu nawa. Bayan ɗakin girki akwai fili, tsawonsa taku goma sha ɗaya, faɗinsa shida in na tsuke ƙafa. Ni gona nake ce masa. Inna tana ce masa wurin ɓata ruwa, amma ban taɓa ganin ta mayar da alayyafon da na tsinko ba. Akwai sure, wato yakuwa, akwai guro, wato kuɓewa, albasa kaɗan, attarugu gindi uku, sai tumatir. Famfonmu yana zuwa ranar da ya ga dama, saboda haka na kafa doka: kowa a gidan bisa baho zai yi alwala, ruwan wankin shinkafa kuma nawa ne, amma wanda ya zuba mini ruwan sabulu ba ni ba shi. Ita ce kaɗai dokata da ake bi a gidan, ita ma don bahon yana kusa da buta ne.

Shuka tana son ruwa bayan la'asar, in rana ta karye. Ka ba ta da tsakar rana a Sakkwato, dafa ta ka yi. To wannan ɗan lokacin, tsakanin kai yara Islamiyya da ɗauko su, shi ne kaɗai nawa a yini, bai cika awa biyu ba. Kuma shi ɗin ma na yi masa mai raba ni da shi.

Tsohon foman ɗina ne na Kalambaina. A Ƙofar Kware yake, lungu biyu daga Islamiyyar yaran. Shekarunmu kusan ɗaya, amma shi ya yi boko sosai, har jaridar Turanci yana karantawa yana girgiza kai. Ciwon suga ya cinye masa idanu, matarsa kuma ta riga mu. Har yau Foman nake ce masa, shi kuma yana ce mini Sarkin Noma, da wata murya da ke nuna bai yarda da naɗin ba. Tumatir ɗin da ke gonata nasa ne. Marigayiya matarsa ta zo da irin daga ƙauyensu na bakin fadama, ƙanana masu tsaga-tsaga, ba kyan gani, ga tsami, amma ɗaya ya ishi miya kuma ba su san mutuwa da wuri ba. Da ya daina gani aka gina ɗaki a inda yake shukawa, sai ya ba ni irin a ƙullin leda ya ce amana ce. Na nemi irinsa a kasuwa ban gani ba.

Wata rana na je gaishe shi ya sa na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, na ciro wani littafi ɗaure da roba. Ba shi da bango, gara ta ci farkonsa, daga shafi na tara ya fara. Zaren ɗinkin ya ruɓe, kowace takarda zaman kanta take yi. Ya ce tun yana saurayi ya karanta shi, sunan littafin ma ya ɓace masa. Labarin wani mai kwalekwale ne da wani baƙo ya ba shi ajiyar akwati a bakin gulbi, ya ce zai dawo da yamma, bai dawo ba. Mutumin ya yi ta riƙon akwatin nan shekara da shekaru, ya yi ƙaura da shi, ya yi faɗa da 'yan'uwansa a kansa, bai buɗe ba. Foman ya ce yana tuna komai, har sunan jakin mutumin, amma abin da ke cikin akwatin ya fita daga kansa fit, kuma abin yana hana shi sakewa. Ya ce in karanta masa, daga farko, kuma in rantse ba zan leƙa ƙarshe ba.

Na rantse. Ai ko ban rantse ba, ni da leƙa ƙarshe akwai tafiya.

A aji huɗu mahaifina ya cire ni ya kai ni rumfar hatsi, ya ce abin da na samu ya isa karanta sunan buhu. Ina karatu, kada a raina ni. Sai dai da yatsa nake yi, kuma in na hango doguwar kalma sai in yi mata yadda nake yi wa kwata da babur: in rage gudu, in sauke ƙafa biyu, in lallaɓa. Foman kuwa ido ne ya rasa, ba baki ba. In na yi tuntuɓe sai ya faɗi kalmar kafin in tashi, ya ce ko lebura sabon ɗauka ya fi ni sauri. In na ce to ya karɓa ya karanta, sai ya ce shi foman ne, ba a san shi da ɗaukar kaya ba.

Na raba kwanakin kamar mutumin kirki: Asabar, Litinin da Laraba na Foman, sauran na gona. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri ranar Foman sai in zuba wa shuka ruwa da asuba a gurguje, in dawo in iske alayyafo ya sunkuyar da kai yana yi mini kallon wanda ya ci amana. Ranar gona kuma in ina tsugune gindin guro sai in tuna Foman na can zaune bisa tabarma ya juya kunne wajen ƙofa yana sauraren babur. Ko a ranar tasa ma ba a bari. Mun kai inda ruwa ya fara shiga kwalekwale, waya ta yi ƙara, an haihu a gidan wane, Inna na jira. Shi kuma sai ya ce in tashi, ofis na kira. Wani zaman shafi huɗu, wani zaman ɗaya da rabi. Akwai ranar da barci ya ɗauke ni a tsakiyar layi, yatsana bisa kalmar, ya bar ni har aka tashi yara, sannan ya zungure ni da sanda ya ce an busa tashi.

Haka muka yi tun ƙarshen damina har zafi ya shigo.

Wata Litinin na iske shi ba ya tsokana. Na zauna na kwance roba, ya ce in dakata. Ɗansa da ke Kaduna ya ce zaman nan shi kaɗai ya isa, ranar Asabar zai zo ya tafi da shi, kuma ba tafiyar dawowa ba ce. Ya faɗe shi kamar yana karanta sanarwar aiki. Sannan ya tambaye ni saura shafi nawa. Na ƙirga, goma sha tara.

"Da gudun ga naka, Sarkin Noma," ya ce, "sai dai a iske ni da shi lahira."

Na ce ya ba ni littafin in tafi da shi gida in yi bita, in san inda ramukan suke, in na zo sai in wuce da gudu. Littafin bai taɓa kwana a waje ba. Ya sake rantsar da ni kan shafin ƙarshe, sannan ya miƙo.

A nan sai na yi bayanin Inna da takarda. 'Yar gidan malamai ce, ta yi karatun allo da na littattafai fiye da ni nesa, amma ba ta yi boko ba kuma ba ta ga abin da ta rasa ba. Takarda a wurinta iri biyu ce. In ta ga takarda a ƙasa sai ta ɗauka ta duba. In da harafin Larabci ko ɗaya, ko a kwalin shayi ne, sai ta kaɗe ta ta soke a tsagar bango sama da kai, har su taru a ƙona su a wuri mai tsarki. Bangon zaurenmu cike yake da su. In kuwa boko ce, to Allah ya kawo abin ƙunshe daddawa. Takardar sallamata daga aiki da ƙyar na ƙwato ta daga bakin kwalbar man gyaɗa. Na san wannan sarai. Shekara arba'in da wani abu na sani.

Ranar Talata da hantsi na samu wani ɗan sarari da ban san daga ina ya faɗo ba. Tumatir ya riga ya ƙare, zafi ya ƙone gindin, tsutsa ta ci rabin na ƙarshe. Guda huɗu na bari suka nuna lugub don iri, su ke nan a duniya. Na tsinko su na ajiye a kwano, na zauna gindin zogale na kwance robar littafi na fara bita. Ban yi shafi ɗaya ba waya ta yi ƙara. Ƙaramar jikata ta yi amai a makaranta, a zo a ɗauke ta. Uwarta na wurin aiki. Na ɗora littafin bisa turmi, robar kuma na tafi da ita a hannu ban sani ba. Ina tura babur na ce wa Inna ta taimaka ta matse tumatir ɗin nan bisa takarda ta shanya kafin su ruɓe, yadda take gani ina yi. Ta tambaye ni wace takarda. Na ce kowace, in dai boko ce.

Ni na faɗa da bakina. Na so a ce akwai wanda zan ɗora wa, na duba ko'ina babu.

Daga makaranta muka wuce wurin uwar yarinyar, aka duba ta aka ce zafi ne. Daga nan ɗauko manyan, daga nan niƙa, daga nan Islamiyya, daga nan aka ce in biya in karɓo ɗinki. Sai dab da magariba na shigo gida. Littafin na nan bisa turmi, Inna ta ɗora masa dutse don iska, Allah ya saka mata. Bisa rumfa kuma ga faifai, a cikinsa takarda ɗaya, 'ya'yan tumatir sun rufe ta ruf kamar an yi mata yaɓe, rana ta gasa su sun kama ƙam. Na duba lambar da ta rage a kusurwa. Na koma na duba ta ƙarshen littafin. Na zauna a ƙasa.

Inna ta ce iska ce ta ɗauke ta ta yar gindin randa, ta ɗauka ta duba gaba da baya, babu sunan Allah, ni kuma na ce kowace. Na juya takardar. Bayanta fari fat, ba rubutu, don nan labarin ya ƙare. Na tambaye ta, cikin ladabi gwargwadon hali, me ya hana ta matse a gefen da ba komai.

"Wancan gefen ai da sauran amfani nai," ta ce. "Yara na iya lissafi bisa. Wanga an riga an ɓata shi da rubutu."

In ka bi ta hanyarta, babu inda ta kauce.

Na gwada abin da ake gwadawa. Na sa reza na ɗaga ƙwaya ɗaya, ta taso da fatar takardar da haruffa biyu a manne a cikinta. Da safe na ɗaga ta saitin rana ta baya, ban ga komai ba sai inuwar iri, ga haruffan da suka leƙo a juye, ni da ko a daidai suke sai da addu'a. Bayan na sauke yara na biya kasuwa wurin masu littattafai na ba wani labarin mai kwalekwale tun daga farko. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki, sannan ya ce bai taɓa ji ba, amma in na gano abin da ke cikin akwatin in dawo in gaya masa.

Ban gaya wa Foman ba ranar Laraba. Na karanta shafi shida, ya ce yau ko an sa mini sabon inji. Alhamis babu Islamiyya, na ce wa gidan babur ya lalace, na jingine shi a zaure na hau na haya, ƙaryar da har yau ban yi nadamarta ba. Shafi bakwai. Ran nan alayyafo bai sha ruwa ba sam, kuma bai yafe ba. Juma'a bayan an sauko na koma da sauran biyar, da takardar irin a cikin aljihu na naɗe ta cikin hankici.

Mai kwalekwale ya tsufa, 'ya'yansa sun watse, ya jawo akwatin zuwa bakin gulbin da aka ba shi, ya ɗauki gatari ya sari kwaɗon. Murfin ya ɗaga. Nan shafin ya ƙare.

Foman ya gyara zama ya ce in juya.

Na yi tunanin in ƙirƙiro. Tun daren Talata nake shirya ƙarya, har na tanadi zinariya da wasiƙa. Amma mutumin da ya kama ni ina cin kalma ɗaya a layi ba zai kasa kama ni da shafi guda ba. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba, har da maganar gefe mai amfani. Na ce abu ɗaya ya rage: in jiƙa takardar a ruwa yanzu, irin zai saki, in karanta masa kafin ta narke, in ya so in sake shanya irin.

Ya miƙo hannu na ɗora masa takardar. Ya shimfiɗa ta bisa gwiwa ya bi ta da yatsu a hankali, layi layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar shi ne zai karanta. Ya daɗe. Ya tambaye ni ko akwai sauran irin a wani wuri, ko a leda, ko gindi ɗaya da bai mutu ba. Na ce babu.

Ya ce iri in ya bushe ya yi barci ke nan. In ya sha ruwa ya farka, in kuwa ya farka cikin bazara ba ƙasa ba sanyi, ya mutu. Haka marigayiya ta gaya masa, kuma bai taɓa ganin ta yi kuskure a kan tumatir ba. Na ce na ji ana sake shanyawa ya yi. Ya ce an ji dai.

"Ba ka jiƙa shi," ya ce. "Sai lokacin shuka. Rannan ka kira ni, ka karanta."

Na ce Foman, wata shida ne fa.

"Mai kwalekwale shekara nawa ya yi? Aje shi inda Inna ba ta kai."

Ranar Asabar na kai yara Islamiyya na tsaya a bakin lungu har aka gama sa kaya a mota. Foman ya leƙo ta taga, ba saitina ba, ya ce Sarkin Noma a riƙa ba shuka ruwa kan lokaci. Na koma gida na iske ranar nan ina da kusan awa biyu, babu mai jira. Na zuba ruwan a minti ashirin na zauna bisa turmi ban san abin da zan yi da sauran ba.

Takardar na sa ta a gwangwanin madara na rufe, na rubuta bismilla da ajami na manna a murfin. Inna ta gani ta ɗauke shi da hannu biyu ta ɗora a can saman bango, inda ko ni sai na taka kujera. Babu bankin da ya kai nan tsaro.

Wata shidan nan ban ji daɗinsu ba. Hidimar gida ba ta ragu ba, sai ma aka ƙara wa babbar jikata darasin yamma a wata unguwa ta uku. Ina kiran Foman ranar Juma'a. Da farko yakan yi ta zagin tuwon Kaduna da yadda suke magana a can. Daga baya sai ɗansa ke ɗauka ya ce yana barci. Cikin damina aka kwantar da shi asibiti sau biyu, ƙafa ta kumbura. Akwai Juma'ar da na ji muryarsa kamar daga cikin rijiya, na sauke waya na jawo kujera na taka, har na taɓa gwangwanin. Na sake kira na ce masa zan jiƙa yau, ruwa na sauka, ƙasa da sanyi. Ya ce tumatir ɗin marigayiya ba ya son ruwan sama bisa kai, ruɓewa yake yi, in sauka daga kujerar. Ban gaya masa ina kan kujera ba. Na sauka.

Da ruwa ya ɗauke, safiya ta fara sanyi, na gyara ɗan wurin reno gindin zogale, na tankaɗe ƙasa da taki, na yi masa rumfar kara. Ranar Lahadi ce, da la'asar. Na kira, ɗan ya ce yana farke, ya kara masa a kunne. Na ba Inna wayar ta riƙe mini saitin baki, don hannuwana biyu duk da aiki. Na zuba ruwa a farantin silba na kwantar da takardar.

Ba ta saki nan da nan ba. Muka yi ta jira mu uku, biyu a Tudun Wada ɗaya a Kaduna. Can sai 'ya'yan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, na riƙa tura su gefe da gashin kaza. Haruffa suka fito, sun yi ja, amma suna nan. Gefen takardar kuma ya fara zama kamar kunu.

Daidai nan surukata ta leƙo da mayafi ta ce Baba yara sun makara. Bayanta ga su uku da allunansu, ƙaramar tana buga ƙafa tana cewa ango ya tashi. Jikina har ya fara miƙewa da kansa, don ya saba. Inna ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta ce a tare musu keke-napep a bakin titi, Malam na karatu. Shekara arba'in da wani abu, ran nan ta fara kiran abin da nake yi da boko karatu.

Na sa yatsa sama da ruwan ban taɓa ba, na fara. Layi goma sha ɗaya ne. Na ci karo da doguwar kalma a na uku, ban sauke ƙafa ba, na bi ta kai. Haruffa biyun da reza ta cire Foman ya cike su daga can. Ina layi na takwas saman takardar ya rabu ya yi iyo.

A cikin akwatin akwai buta, da tabarmar sallah da asu ya cinye, da riga ɗaya, da goro uku da suka zama dutse. Kayan matafiyi dai, irin na kowa. Mai kwalekwale ya ɗauki butar ya ɗebi ruwan gulbi ya yi alwala. Nan marubucin ya ajiye alƙalami.

Inna ta duba wayar ko ta mutu.

"Shi ke nan?" Foman ya ce.

Na ce shi ke nan.

"Buta." Sai na ji wani abu kamar tari, ashe dariya ce, ta daɗe ba ta fito ba ta yi tsatsa. "Af. Haka ne. Yanzu na tuna. Shi ya sa na mance."

Na ce shekara guda ya sa ni ina tuntuɓe a kan buta. Ya ce ai da ya samu mai karatun kirki da mako biyu ne. Sannan ya tambayi irin, ko sun nutse ko suna iyo, don mai iyo fanko ne. Na duba na ce yawanci sun nutse. Ya ce to me nake jira, rana na faɗuwa, in daina surutu a waya in zuba su, kuma kada in binne da zurfi kamar yadda na saba yin komai. In sun yi 'ya'ya a aiko masa da kwando ɗaya, ba na tsutsa ba.

Na tsiyaye ruwan na watsa irin, har da dagwalon takardar, don ba ta rabuwa. Inna ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni ko na tabbata dai babu sunan Allah a ciki. Na ce akwai alwala. Ta yi tunani ta ce alwala ba komai.

Kwana shida suka tsiro, ba duka ba, amma da yawa. Na kira in ba da rahoto, ɗan ya ce yana barci, in bar saƙo. Na ce a gaya masa Sarkin Noma ya ce aiki ya kama. Ban gama rufe baki ba aka ƙwala mini kira daga cikin gida, gas ya ƙare kuma tukunya na kan wuta. Na rufe renon da kara saboda kaji, na je na tura babur.